A Lallaɓa ko a Sauke?

A bakin kanikawa, mutuwa ce mafi sauƙin abin da zai sami inji. Mota ta mutu a tsakiyar titi, samari biyu su tura ta, direba ya saki kuloci a giya ta biyu, sai ga ta ta tashi kamar ba ita ba. Wataƙila batir ne ya yi sanyi, wataƙila datti ne ya toshe hanyar fetur. Ba wanda ke ɗora hannu a ka don an ce masa motarsa ta mutu. Maganar da ke sa mai mota ya nemi wurin zama ita ce a ce masa inji ya buga. Wannan kam ta faru ta ƙare: baƙin mai ya yanke, ƙarfe ya gamu da ƙarfe, wani abu ya narke ko ya karye a can ciki. Tsakanin waɗannan biyu akwai hukunci na uku, wanda ba ya zuwa da ƙara, ba kuma wata rana guda da za a nuna a ce a cikinta ya auku. Bakanike zai ɗaga bonet, ya kasa kunne, ya ja totur, ya zagaya ya dubi hayaƙin salansa, sannan ya goge hannu da tsumma ya ce, “Alhaji, injin nan fa ya gaji.”

Sawun wannan gajiya nake son bi, kuma babu injin da ya fi dacewa da hakan kamar na Peugeot 504, wadda bakinmu ya mayar Fijo. A 1968 aka fito da ita a Faransa, a 1969 ta zama motar shekara a Turai. A 1975 wani direba ɗan ƙasar Suwidin, Ove Andersson, ya ci tseren Safari na Kenya da ita, a kan hanyoyin da galibinsu ba su san kwalta ba. A shekarar dai kamfanin haɗa Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ya fara aiki. Daga nan ta zama motar gwamnati, motar babban ma'aikaci, motar tasha mai cika da fasinja daga Kano zuwa Maiduguri, kuma a-kori-kura mai jigilar buhuna ranar kasuwa. Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba da haɗa ta fiye da shekara 20 bayan nan. Tsohuwar mota ce ta gaske, amma a wajenmu ba ta gama komawa kayan tarihi ba, domin har gobe akwai masu cin abinci da ita.

To, mene ne ya gaji a cikin inji? Wanda bai taɓa ganin an kwance shi ba zai ɗauka ƙarfen ne ya ƙare. Da za a ɗora tsohon inji a kan sikeli, da wuya a ga bambanci tsakanin nauyinsa na yau da na ranar da ya bar kamfani. Inji taron ƙarafa ne da aka jera kusa da kusa, aka kuma hana su taɓa juna. Tsakanin fistin da bangon silinda akwai rata. Tsakanin karanshaf da metal ɗin da yake juyawa a kansa akwai wata ratar da ba ta wuce kaurin silin gashi ba, kuma ta cikinta baƙin mai ke kutsawa ya ɗage ƙarfe daga kan ƙarfe. Bawul yana da tasa, wadda aka bar masa don ya sami wurin miƙewa idan ya ɗauki zafi. Fulogi ba ya ba da wuta sai da ratar da tartsatsi zai tsallaka. Kowace rata da awonta, kamar takalmi ne a ƙafa: in ya matse ya yi cizo, in ya yi yawa ya tuɓe. Abin da ake kira gajiya shi ne waɗannan ratoci sun buɗe, kowacce ta wuce awonta da ɗan abin da ido ba ya gani.

Shekaru ne ke buɗe su, ƙurar hunturu kuma na taya su aiki, don ƙurar da ta tsere wa matatar iska ta gauraya da mai sai ta zama abin goge ƙarfe. Daga nan alamomi ke biyo juna. Zobban fistin su saki, baƙin mai ya haura inda fetur ke ƙonewa, hayaƙi ya yi shuɗi-shuɗi, a ce inji yana shan mai. Matsin da ya kamata ya tunkuɗa fistin ya riƙa zurarewa ta gefensa, mota ta daina jan tudu, tashin safe ya zama sai da roƙo. Ratar metal ta buɗe, mai ya daina riƙe ƙarfinsa, jar fitilar gaban direba ta fara ƙyafta ido duk lokacin da inji ya yi zafi yana silo. Shan mai, tari, kasala, zazzaɓi: duk kalmomin jikin mai rai ne. Ba don ado kanikawa suka aro su ba. Sun aro su ne don suna gaya wa mai mota gaskiyar da yake bukata, cewa abin nan ciwo ne mai tafiya a hankali, akwai sauran lokaci, amma lokacin yana da iyaka.

A wannan gaɓa ce mai mota ke furta kalmar da ta fi kowace yawo a garejinmu. “Malam, ba za a lallaɓa ba?” Ana lallaɓa majinyaci, ana lallaɓa wanda ya fusata, ana lallaɓa inji. A zuba masa mai mai kauri don ya cike ratar da ta buɗe. A riƙa wanke fulogi duk bayan kwana biyu. A canja zobba kawai a bar silinda yadda take. Ba na raina wannan kalma. Kalmar mutum ce da ke da iyali da kuɗin makaranta a gabansa, kuma da ita Fijo da yawa suka ƙara shekaru a kan hanya. Sai dai lallaɓa ba ta mayar da rata ko ɗaya awonta. Jinkiri take saye, kuma bakanike na kirki yakan faɗi hakan ƙarara: “Zan lallaɓa maka, ranka ya daɗe, amma ka fara tanadi.” Ɓarna tana farawa ne ranar da aka yi lallaɓa aka kira ta gyara, aka karɓi kuɗin gyara.

An ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A gareji kuwa akwai gyaran da ba ya yiwuwa sai an sauke, an kuma raba kowane ƙarfe da ɗan'uwansa. A rataya sarƙa, a ɗago injin nan mai silinda 4, wanda maƙeransa suka kishingiɗar da shi gefe guda don ya shige ƙarƙashin bonet. A cire kafireto, a ɗauke kan inji, a kifar da shi a buɗe kaskon mai. Tun daga nan ake gane wanda ya iya. Gwani ba ya zube ƙarafa a ƙasa. Yakan shimfiɗa kwali ko buhu, ya jera komai bisa tsarin da ya fito, ya yi wa kowane marfin metal alama, domin na ɗaya ba ya zama a gurbin na uku ko da ido na ganinsu iri ɗaya. Yaran gareji su wanke komai da kananzir, a bi ƙananan hanyoyin mai ɗaya bayan ɗaya a hure su, don ƙwayar yashi guda da ta maƙale a ciki ta isa ta cinye sabon metal cikin mako.

Injin Fijo yana da wata baiwa da ta sa ya daɗe a hannunmu. Ba a jikin bulok aka huda silindoginsa ba. Kowace silinda bututu ce mai zaman kanta, ana zura ta ana zare ta, ruwan sanyaya inji yana zagaye bayanta kai tsaye. In ta cinye, sai a zare ta a sa sabuwa tare da fistin da zobbanta, bulok yana nan yadda yake. Amma baiwar tana da sharaɗi. Dole bakin kowace silinda ya ɗara saman bulok da ɗan taƙi, daidai wa daida da 'yan'uwanta, don gasket ya sami abin da zai danne. In ɗaya ta nutse, ko an juya inji bayan cire kansa har silinda ta motsa daga mazauninta, ruwa zai sami hanya zuwa cikin mai, mai ya yi fari, aikin mako guda ya tashi a banza. Karanshaf kuma a kai shi wurin masu injin goge ƙarfe. Su rage inda ya cinye har ya koma mulmulalle, sannan a nemo metal mai kaurin da zai cike abin da aka rage. Ƙarfen ya ragu, ratar ta dawo. Wannan shi ne gyara in an tace shi: a yarda a yi asarar ƙarfe don a ceto awo.

Haɗawa ta fi kwancewa neman natsuwa. Ba a jera bakunan zobba a layi ɗaya. Sarƙar da ke haɗa karanshaf da sandar buɗe bawul tana da alamomi, haƙori ɗaya aka kuskure inji ya rikice. Kusoshin kan inji ana ɗaure su ne daga tsakiya zuwa gefe, zagaye bayan zagaye, da sifana mai awo, ba da ƙarfin damtse ba. Ko bayan ya tashi ba a gama ba. Sabbin zobba sai sun saba da sabon bango, don haka a tafi da shi a hankali na wani lokaci, a zubar da man farko da wuri, a sake bin kusoshi da ratar bawul. Mai gaggawar da ya ɗora masa lodi ya kama hanyar Zinder washegari, shi ya san abin da ya saya.

Yanzu ga inji ya tashi, sabbin silindogi, sabbin fistin, sabon metal, sabuwar sarƙa, wataƙila har kan injin ma daga Fanteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano aka samo shi. Sai wani ya tsaya ya tambaya, “Na asali ne?” Ga hukuma amsar mai sauƙi ce: lambar inji a jikin bulok take, ita ce a takarda, muddin ba ta canja ba inji bai canja ba. Ga masu tara tsofaffin motoci a Turai da Amurka ma lambar nan ce abin nema, don motar da har yanzu take ɗauke da injin da ta bar kamfani da shi ta fi tsada nesa ba kusa ba. Abin lura shi ne bulok ɗin da ke riƙe da suna shi ne ɓangaren da ba ya motsi. Galibin masu kai-komo da juyi, waɗanda su ne ke haifar da tafiya, an sauya su.

In kuma aka bi asalin zuwa tushe, sai a tarar shi ma ƙari ne a kan ƙari. Injin 504 jikan na 404 ne ta wajen ƙira, motar da ta fito a 1960 da silinda mai faɗin milimita 84 da fistin mai tafiyar milimita 73, jimillar cikinsa cc 1618. Da za a yi 504 sai aka tsawaita tafiyar fistin zuwa 81, ya zama cc 1796. A 1970 aka faɗaɗa silinda zuwa 88, ya zama cc 1971, kuma wannan injin ne ya wuce har cikin 505 da ta fito a 1979. Kamfanin da kansa shi ne farkon wanda ya yi wa injin ƙari. Hatta ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, a cikin ƙa'idojin da ta sa wa sunan birnin Turin, waɗanda suka fara aiki a 2013, ta yarda cewa sauye-sauyen da aka yi wa mota a zamanin da take bakin aiki suna cikin tarihinta, ba lallai a kankare su ba. Saboda haka Fijon tasha da ta sha hannun kanikawa goma ba ta rasa asali ba. Asalinta ya haɗa da hannayen nan goma.

Wannan bai sa kowane ƙari ya zama alheri ba. Bambancin gyara da ƙari shi ne gyara yana komawa ga awon da wani ya riga ya yi lissafinsa, ƙari kuwa fita ne daga wannan awo da gangan, kuma wanda ya fita shi lissafi ya hau kansa. Kowane ƙari bashi ne, akwai inda za a biya shi. A goge fuskar kan inji don matsi ya ƙaru, mota ta ƙara kuzari, amma sai ta nemi fetur mai kyau, in ba ta samu ba ta riƙa ƙas-ƙas a kan tudu, wannan ƙarar kuwa fistin take ci. A sa babban kafireto, iska da fetur su shiga da yawa, a biya a gidan mai, lagireto kuma ya sami ƙarin zafin da zai kashe. A ɗaura giya mai hawa biyar ta 505, inji ya huta a doguwar hanya, amma sai an daidaita abin da ke bayanta. Akwai ƙarin da bashinsa kaɗan ne: a cire kwantak, wanda ke cinyewa yana ɓata lokacin wuta, a sa na lantarki da ba ya gogar komai. Irin wannan ba ya taɓa halin inji, wahalar mai shi kawai yake ragewa.

Akwai kuma ragin da ake yi da sunan gyara, wanda ya fi kowanne yaɗuwa a ƙasarmu. A hanyar ruwa akwai wani ɗan maƙulli da ke tsare ruwan a cikin inji har sai ya ɗauki zafin da ya dace, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. Da yawa cikin kanikawa suna cire shi su jefar, su ce na ƙasar sanyi ne. Hujjar tana da daɗin ji, amma inji yana da zafin da aka auna ratocinsa a kai. In ya daɗe bai kai wannan zafi ba, kamar da asubar hunturu a Jos ko Agadas, fetur ba ya ƙonewa sosai, yana wanke man da ke bangon silinda, zobba suna cinyewa da wuri. Sau da yawa kuma ainihin ciwon yana wani wuri, lagireto ne ya toshe ko famfon ruwa ya gaza. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Zamani ma ya kawo nasa ƙarin. Tun da aka janye tallafin fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, masu tsofaffin motoci da dama suka fara duban iskar gas. Injin kafireto yana karɓar gas, amma da nasa sharuɗɗan: ƙarfi yana ɗan raguwa, lokacin wuta yana son a matso da shi gaba, kuma da yake gas busasshe ne, mazaunin bawul yana shan wuya fiye da da, ratar bawul tana son a riƙa duba ta a kai a kai. Wanda ya san haka ya shiga, ya yi ciniki da ido buɗe.

Can ƙarshen hanya akwai dashe, wato a fitar da injin gaba ɗaya a sa na wata mota, ɗan Kwatano ko ɗan Beljiyam. Ba mu kaɗai ke yi ba. A Kyuba, inda takunkumin Amurka ya yanke kayan gyara tun farkon shekarun 1960, manyan motocin Amurka na shekarun 1950 suna nan suna ɗaukar fasinja a Habana, da yawansu da injin dizal na wasu kamfanoni a cikinsu. Dabara ce ta wanda ya ƙi barin mota ta kwanta, kuma ta cancanci yabo. Amma dashe yana kashe wata sana'a a ɓoye. Idan sauke wani a ɗaura wani ya fi arha da sauri, yaron gareji zai girma ya iya kwance kusoshi da ɗaure su, bai taɓa riƙe ma'aunin rata ba. Tsofaffin kanikawan Fijo, masu jin ratar bawul da kunne kafin su tabbatar da ita da awo, suna raguwa, kuma abin da ke kansu ba a Fanteka ake sayar da shi ba.

Shi ya sa nake ganin waɗannan kalmomi huɗu, lallaɓa da gyara da ƙari da dashe, ba su da laifi ko ɗaya, kowacce da ranarta da mai bukatarta. Laifin yana wajen musanya su. Inji ba ya zama a hannu ɗaya har abada. Za a sayar da motar, ko bakaniken ya tsufa, wani ya gaje shi. Wanda ya zo daga baya da abin da aka gaya masa zai yi aiki. In an goge karanshaf aka ɓoye, aka ce masa komai yana nan yadda kamfani ya yi, zai sayo metal na awon farko ya ɗaura, ratar ta yi yawa, mai ya kasa riƙewa, inji ya buga a hannun wanda bai ci ba bai sha ba. In an goge kan inji sau biyu ba a faɗa ba, na uku zai goge ya wuce iyaka. Sunan da aka ba aiki awo ne da ake miƙa wa na gaba, kuma kuskurensa yana fasa ƙarfe kamar yadda kuskuren sifana ke yi.

Don haka mai tsohuwar mota yana da haƙƙin tambayoyi uku ranar da zai karɓi makulli: me aka mayar awonsa, me aka sauya da gangan, me aka lallaɓa aka bar wa gaba? Ya rubuta amsar, da kwanan wata da awon da aka yi, ya ajiye tare da takardun mota. Bakaniken da ya auna ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, amsarsu tana bakinsa tun kafin a gama yi. Wanda ya ce “ai komai ya yi daidai, Alhaji” ya kasa faɗin ko lamba ɗaya, a biya shi kuɗin lallaɓa, a kuma ci gaba da tanadi.